Kumburin Jijiyar Jinin Ƙwaƙwalwa: Nazari a kan Suna da Kalmar "Tukuna"

1.0 Gabatarwa

A wannan ɗan taƙaitaccen nazari zan duba yadda ya kamata a bayyana wa Bahaushe wata larura da likitoci ke kira aniyurizim, musamman wadda ba ta fashe ba. Dalilina shi ne, mu ɗaliban Hausa da ke karatu a kudancin Nijeriya sau da yawa akan roƙe mu mu yi tafinta a asibiti tsakanin likita da ɗan'uwa daga Sabo ko zango. A irin wannan wuri magana zarar bunu ce, domin da kalmar da tafinta ya zaɓa majiyyaci zai koma gida ya kwana.

2.0 Mece ce Larurar?

Asalin kalmar daga Girkanci ne, ma'anarta faɗaɗa. Wani gefe ne na bangon jijiyar jini yake yin rauni, jini ya riƙa tura shi har ya tasa, kamar yadda tiyon ban ruwa ke tasawa a inda ya yi laushi. Ya fi fitowa a mararrabar jijiyoyin da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wato zoben da Thomas Willis na Ingila ya bayyana a 1664. Kimanin mutum 3 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi, kuma mafi yawansu har su bar duniya ba su sani ba. Galibi akan gano shi ne bagatatan, lokacin da aka ɗauki hoton kai saboda wani dalili daban. Shan taba, hawan jini da gado suna cikin abubuwan da ke kawo shi, kuma ya fi yawa ga mata.

3.0 Matsalar Suna

Kalmar jijiya tana da faɗi a Hausa. Hanyar jini jijiya ce, ta cikin nama mai wuyar tauna jijiya ce, saiwar itace ma jijiya ce. Saboda haka "ciwon jijiya" bai wadatar ba, don mai sauraro yana iya zaton irin wanda ake shafa wa man zafi ne. Kalmar ƙari kuwa ta fi haɗari, domin tana kai hankali ga ciwon daji, alhali babu dangantaka tsakaninsu. Ƙurji ma bai dace ba, tunda shi nuna yake yi ya fashe a huta. A ganina, "kumburin jijiyar jinin ƙwaƙwalwa" ya fi dacewa. Sunan yana da tsawo, amma kowace kalma a cikinsa tana rage faɗin wadda ta gabace ta.

4.0 Kalmar "Tukuna"

Mu dubi waɗannan jimloli:

(a) Kumburin bai fashe ba.
(b) Kumburin bai fashe ba tukuna.
(c) Kumburin zai fashe.
(d) Kumburin yana iya fashewa.

Jimlar (a) labari kawai ta bayar. Jimlar (b) ta ƙara zato, domin idan aka ce "baƙo bai iso ba tukuna", an nuna ana jiran isowarsa. Ke nan tafintan da ya ƙara tukuna don daɗin baki ya gaya wa majiyyaci abin da likita bai faɗa ba. Jimlar (c) ta yanke hukunci. Jimlar (d) ce ta bar abin a matsayin mai yiwuwa, kuma ita ce ta yi daidai da abin da bincike ya nuna.

Wani babban bincike da aka buga a mujallar Lancet a 2003, wanda ya bi majiyyata 4,060, ya gano cewa kumburin da bai kai milimita 7 ba, wato kusan girman ƙwayar wake, da wuya ya fashe idan yana jijiyoyin gaba. Wani binciken na Japan a 2012 ya samu kusan 1 cikin 100 ne ke fashewa a shekara, kuma haɗarin yana ƙaruwa da girman kumburin da wurin da yake.

5.0 Zama da Shi

Likita yakan zaɓi ɗaya daga hanyoyi uku. Ta farko sa ido, a riƙa maimaita hoto lokaci-lokaci. Ta biyu tiyata, a buɗe ƙoƙon kai a matse wuyan kumburin da ɗan ƙarfe, aikin da Walter Dandy ya fara a Amurka a 1937. Ta uku a zura siririn bututu ta jijiyar cinya ko ta hannu a cusa waya mai laushi ta cike kumburin, dabarar da Guido Guglielmi ya fito da ita wajen 1990.

A nan ma akwai tarko. Idan likita ya zaɓi sa ido, kada tafinta ya ce "babu abin da za a yi maka", don wannan ga Bahaushe sallama ce. Abin faɗi shi ne: "Baba, likita ya ce haɗarin aikin ya fi na barinsa, don haka za a riƙa duba shi. Ku bar taba, ku riƙe maganin hawan jini, ku ci gaba da sana'arku."

Haka kuma, kwantar da hankali bai kamata ya haɗiye gargaɗi ba. Ciwon kai mai tsanani da ya faɗo kwatsam, irin wanda mutum bai taɓa ji ba, ko da sanƙarewar wuya, amai ko suma, ko babu, alama ce ta fashewa. Faɗuwar fatar ido ɗaya ko ganin abu biyu-biyu ma abin gaggawa ne. Ba a jiran gari ya waye, asibiti ake nufa nan take.

6.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa suna marar daidai yana sa majiyyaci sakaci, ƙarin kalma ɗaya kuma yana hana shi barci. Ina ba 'yan'uwa ɗalibai shawara, kafin mu fassara hukuncin likita mu tambayi kanmu: tabbas ya faɗa ko yiwuwa? Ga aikin gwaji: a sake gina jimlar (d) da watakila, da mai yiwuwa, da kuma da wuya, sannan a jera su daga mai firgitarwa zuwa mai kwantar da hankali.