Darasi: Yadda Agogon Zamani Ke Bibiyar Bugun Zuciya, Da Inda Ikonsa Ya Tsaya

Darasin yau na matasan da ke kula da iyaye masu ciwon zuciya ko hawan jini ne. A yawancin gidaje, kai da ka iya waya kai ne za a ce ka zaɓo na'ura, ka haɗa ta, ka kuma karanta abin da ta nuna. Don haka ya kamata ka san aikinta kafin ka fitar da kuɗi.

Matsalar da ake son magancewa

A ce mahaifiyarka na zaune a Ƙofar Ɗan Agundi, zuciyarta kan yi fat-fat cikin dare. Da safe ku hau adaidaita sahu zuwa Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a yi mata gwajin ECG, a ga komai lafiya. Ba ƙarya ta yi ba. Gwajin na ɗaukar 'yan daƙiƙoƙi ne kawai, ita kuwa rikicewar bugun zuciya takan zo ta wuce. Shi ya sa likitoci ke ɗaura wa mutum na'urar Holter, mai wayoyi manne a ƙirji, ta yi awa 24 zuwa 48 tana naɗa. Tana aiki, amma a zafin Kano ga gumi ga ƙaiƙayi, kuma ba a wanka da ita. Sabbin na'urorin an yi su ne don rage wannan wahala.

Iri uku da ya kamata ka bambance

1. Mai koren haske. Juya agogonka za ka ga ƙaramar fitila tana ƙyaftawa. Jini na shanye koren haske, don haka duk bugu ɗaya hasken da ke dawowa yakan ragu, agogon ya ƙirga. Adadin bugu yake bayarwa, ba hoton lantarkin zuciya ba.

2. Mai ECG. Apple ya sa shi a agogonsa na Series 4 a 2018, Samsung da wasu suka biyo baya. Za ka ɗora yatsa a maɓalli na daƙiƙa 30, ya zana layin bugun. Sai dai layi ɗaya ne, na asibiti kuwa 12 ne.

3. Filastar ƙirji, irin su Zio. Ba ta da wayoyi, tana iya kwana 14 a jiki. Likita ne ke rubuta ta.

Me bincike ya nuna?

A 2019 Jami'ar Stanford ta Amurka ta fitar da sakamakon bincike kan mutum sama da 400,000 masu agogon Apple. Kusan mutum 1 cikin 200 ne agogon ya yi wa gargaɗi. Cikin waɗanda aka manna wa filasta daga baya, kusan kashi ɗaya bisa uku aka tabbatar suna da bugu mara tsari, irin wanda ke iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Ke nan gargaɗin agogo dalili ne na ganin likita, ba hukunci ba ne.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Baƙar fata na shanye haske fiye da fara. Wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya gano cewa na'urar auna iskar oksijin ta yatsa ta fi kasa gano ƙarancin iska a jinin baƙar fata, kusan ninki uku. Idan mara lafiya na haki amma na'ura ta ce lafiya, mara lafiyan za ka gaskata.

Masu jego

Arewacin Najeriya na cikin wuraren da aka fi samun raunin zuciya bayan haihuwa a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kai, kuma Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranci babban bincike a kansa. Agogo na iya nuna bugu ya yi sauri, amma ba ya ganin ƙarfin tsokar zuciya. Wannan sai hoton zuciya a asibiti. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko ta kasa kwanciya saboda numfashi, asibiti za a kai ta.

Kafin ka saya a Farm Centre ko Beirut

- Ka guji agogon da ke cewa yana auna suga ba tare da huda fata ba. A Fabrairun 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan irinsu.
- Ka ɗora shi a kan teburi. In ya ba ka adadin bugu, mai yiwuwa jabu ne.
- Agogon Apple sai da iPhone. Kuma ba a kowace ƙasa ake buɗe ECG ba, sai ka gwada a shago.
- Don hawan jini, na'urar da ake ɗaurawa a dantse ta fi abin dogaro.
- Ka duba kwana nawa batirinsa ke yi, da ko yana jure ruwan alwala.

Yadda za ka yi amfani da shi

Ka ɗaura shi sama kaɗan da ƙashin wuyan hannu, ya kama fata. A zauna a huta kafin a auna. Bugun babban mutum a hutu yakan kasance 60 zuwa 100 a minti, amma wasu magungunan zuciya na rage shi, don haka ka tambayi likita adadin da ya dace da mara lafiyarku. Ka riƙa ajiye sakamakon a waya tare da lokaci da abin da aka ji, ka nuna ranar ganin likita. Kada a daina shan magani don agogo ya nuna lafiya.

Agogon nan ba ya gano bugun zuciyar da ke kisa farat ɗaya sakamakon toshewar jijiya. Ciwon ƙirji, gumi mai sanyi, suma ko karkacewar baki, ba lokacin duba allo ba ne. A nufi asibiti nan take.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a darasi na gaba.