Na Daina Tauye Mudu, Sai Na Mayar da Abin da Na Ci?

Tambaya: Baba Fasto, ni mai sayar da hatsi ce. Na yi shekaru ina awo da mudu biyu, babba idan zan saya, mai bugaggen gindi idan zan sayar. Bara na tuba na daina. Amma har yau idan za a ci Jibin Ubangiji sai gabana ya riƙa faɗuwa. Wata a zumuntar mata ta ce jinin Yesu ya wanke kome, in manta. Wata kuma ta ce sai na biya mutane. Wacce ke da gaskiya? Yawancin waɗanda na cuta ma ban san inda suke ba.

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Faɗuwar gaban nan ba ƙin ki Allah ya yi ba, lamirinki ne yake da rai, ki gode masa. Kowacce cikin matan nan biyu ta riƙe gefe ɗaya na gaskiya.

Gafara ba ta sayarwa ba ce. Ko da za ki juye rumbu goma ki rabar, ba zai biya zunubi ɗaya a gaban Allah ba, Almasihu ne ya biya a kan gicciye. Ki duba labarin Zakka a Luka sura 19. Shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, ya yi arziki da gumin talakawa. Yesu bai gindaya masa sharaɗi ba kafin ya sauka a gidansa. Sai da ya shiga, mutane suna gunaguni a waje, sannan Zakka ya miƙe da kansa ya yi alkawarin bai wa matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Alheri ne ya fara zuwa, mayarwar ta biyo baya. Wannan jerin yana da muhimmanci ƙwarai, domin wanda ya juya shi zai ƙare rayuwarsa yana lissafi da Allah, ba zai taɓa samun hutu ba.

Amma 'yar'uwar da ta ce ki manta ta yi garaje. Tauye mudu laifi ne mai fuska biyu: kin saɓa wa Allah, kin kuma rage tuwon gidan wata. Maimaitawar Shari'a sura 25 ta hana ajiye ma'auni iri biyu a gida, babba da ƙarami. Annabi Amos, a sura 8, ya zana 'yan kasuwar zamaninsa kamar yana tsaye a layin 'yan hatsi: sun ƙosa Asabar ta wuce su buɗe buhu, su rage ma'auni, su ƙara farashi, har dusar da aka share daga ƙasa su haɗa su sayar. Matar da ta auna mudu biyar a wurinki, ta je gida ta ga garin bai kai kwanakin da ta saba ba, wataƙila 'yarta ta zarga da ɓarna. Tubanki bai mayar mata da hatsin ba.

Shi ya sa Littafin Firistoci sura 6 ya ce wanda ya cuci maƙwabcinsa ya mayar da abin cif, ya ƙara kashi ɗaya bisa biyar, sannan ya kawo ragon hadaya. Mu yanzu ba ma kawo rago, hadayarmu ta cika cikin Almasihu, amma hakkin maƙwabci yana nan. Yesu ma a Matiyu sura 5 ya koyar cewa mai kawo baiko, idan ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa, ya bar baikon tukuna ya je su shirya. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, ya rubuta wa wani babban jami'in Roma mai suna Makedoniyus wajen shekara ta 414 cewa tuban mutumin da ke riƙe da kayan wani, alhali yana da halin mayarwa, tuban baki ne kawai. Ki lura da sharaɗin: yana da halin mayarwa. Allah ba ya ɗora miki abin da ya fi ƙarfinki.

To, ki fara da waɗanda kika sani. Kowace mai hatsi tana da abokan ciniki na kullum, mai tuwo-tuwo, mai kunu, maƙwabciyar da ke karɓa bashi zuwa ƙarshen wata. Ki zauna ki kimanta da gaskiya abin da ke fita a kowane mudu, ko tafi ɗaya ne, ki ninka da yawan awonsu gwargwadon tunaninki. Ba sai a rana ɗaya ba, kada ki karya jarinki yara su kwana da yunwa. Kaɗan-kaɗan, amma ki sa ranar farawa. Ni a ganina ya fi kyau ki faɗa musu dalili a keɓe, maimakon ki fake da gyara, domin gyara kyauta ce, wannan kuwa hakkinsu ne.

Waɗanda suka ɓace miki fa? Littafin Ƙidaya sura 5 ya yi tanadi: idan ba a sami mai hakki ko danginsa ba, abin ya zama na Ubangiji. Ke ma ki ware wannan kason ki kai wa gwauraye da marayu, ko ta hannun ikilisiya ko kai tsaye, ba tare da shela ba. Sai dai kada baiko mai kauri ya tsaya a madadin matar da kin san ƙofar gidanta.

Game da Jibin Ubangiji, idan kin tuba kin kuma ƙudurta gyarawa, ki je ki ci, kada ki jira sai kin gama biya. Teburin na masu zunubi ne da suka tuba. Ki gaya wa fastonki ko wata dattijuwa mai riƙon asiri shirinki, don ta riƙa tambayarki inda kika kai, ta kuma raka ki idan kunya ta yi miki nauyi. Wata za ta ce ta yafe, ki karɓa da godiya kada ki matsa mata. Wata za ta yi faɗa, har ta ba da labarinki a kasuwa. Ki saurare ta har ta gama, kada ki kare kanki, ki ba ta hatsinta.