Warin Ruɓaɓɓen Ƙwai a Mota

Tambaya: Ina jigilar fasinja da Golf daga Rogo Ruma zuwa Karaye. Kwanan nan in tafiya ta miƙa sai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika motar. Me ke jawo shi?

Amsa: Malam direba, kada ka ɗauki wannan wari da wasa. Fara da batir. Idan altaneta na ba shi wuta fiye da kima, ruwan cikinsa yakan tafasa, iskar da yake fitarwa kuma ita ce wannan ɗoyi. Kashe mota, buɗe bonet, ka duba da ido. In gefen batirin ya kumbura, ko yana huci, ko farin gari ya taru a kawunansa, to da alama shi ne. Kada kowa ya matso da sigari ko ashana, domin iskar tana kama wuta, batir kuma yana iya fashewa a fuskar mutum. Ka sa mai wayarin ya ɗora mita injin na aiki: wajen volt 14 daidai ne, in ya haura 15 a gyara caji tukuna. Direbobi da yawa sabon batir suke saya ba su gyara caji ba, shi ma ya ƙone cikin makonni.

In batir lafiya lau, koma wajen salansa, wataƙila fetur ne ba ya ƙonewa yadda ya kamata. Wannan aikin bakanike ne.

Amma warin fetur ko na ƙonewar waya ba a kai shi gareji da lodi. Tsaya nan take, sauke fasinja, cire kan batir.