Gidan Haya Ko Gidan Kai? Tsokaci A Kan Ɗora Manhaja A Gajimare

Gabatarwa

A garinmu Sheda, cikin Ƙaramar Hukumar Kwali ta Abuja, akwai cibiyar binciken kimiyya da fasaha ta Gwamnatin Tarayya mai suna SHESTCO. Irin wannan cibiya tana iya mallakar manyan kwamfutocinta. To, ɗalibin Hausa da ke son ɗora ƙamus ko taskar karin magana a intanet fa? Wannan maƙala za ta duba mafitarsa.

Ma'ana

Gajimare shi ne tarin kwamfutocin wani kamfani, kamar Amazon ko Google ko Heroku, waɗanda ake haya ta intanet. Kai dai ka rubuta manhajarka ka miƙa, kamfanin ya kula da injuna da tsaro da gyara. Wato gidan haya ne wanda maigidan ke yi wa gyara.

Alfanu

Na farko, babu sayen inji ko janareto. Ko an ɗauke wuta a Sheda, ƙamus ɗinka yana aiki ga mai nema a Zariya ko Maraɗi. Na biyu, in masu shiga suka yi yawa, ana ƙara wa manhajar ƙarfi nan take. Na uku, lokacinka zai tafi wajen tace kalmomi, ba gyaran na'ura ba.

Illoli

Ɗan haya ba shi da ta cewa. A watan Nuwamba na 2022 Heroku ya soke tsarinsa na kyauta, dole masu ƙananan ayyuka suka biya ko suka tashi. Sannan yawanci da dala ake biya. A farkon 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, amma a 2024 ta haura 1,500. Haka kuma, a watan Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace, 'yan Nijeriya da dama suka sha wahalar isa ga ajiyarsu ta ƙetare.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce mu fara da haya, domin da babu gara ba daɗi. Sai dai kowane mako mu sauke kwafin aikinmu mu adana a hannu. Kalmomin da muka sha wuyar tattarowa daga bakin dattawa sun fi kowace manhaja tsada.