Kada Ka Yi Gaggawar Ɗaura Baƙin Bel

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya mini ka shiga koyon kareti, kuma tun ba a je ko'ina ba ka fara tambayar yaushe za a ɗaura maka baƙin bel. Na ji daɗin shigarka, Allah ya sa albarka. Tambayar taka ce nake so mu ɗan zauna a kanta.

A tsibirin Okinawa, can kudancin Japan, kareti ya tashi, tun zamanin da tsibirin ke da daularsa ta Ryukyu mai cinikayya da ƙasar Sin. Mutanen Shuri da Naha da Tomari suka haɗa dabarun faɗansu na gida da abin da suka koyo wurin Sinawa. A lokacin babu bel, fari ko baƙi. Malami yakan ɗauki almajirai 'yan kaɗan, ya koyar da su a tsakar gidansa, galibi da dare. Gichin Funakoshi, wanda aka haifa a 1868, haka ya riƙa takawa cikin duhu zuwa gidan malaminsa Anko Asato. Malam na zaune kusa da fitila, yaro na maimaita kata guda, wato jerin taku da kariya da naushi da mutum ke yi shi kaɗai. In ya gama, a ce ya sake. Sai a kwashe watanni ba a ƙara masa komai ba. Shi kuwa Kanbun Uechi, da ya tafi Fuzhou ta ƙasar Sin a 1897, shekara uku ya yi a kan kata mai suna Sanchin.

Kada ka ɗauka rowar ilimi ce. Maimaitawar nan ce ke zaunar da ƙafa, ta koya wa ƙugu juyawa, ta daidaita numfashi, har jiki ya san aikinsa ba sai an tuna masa ba. Sannan malamin yana karantar halin yaron. Wanda ya kasa danne zuciyarsa don an ce ya sake taku, ta yaya za a damƙa masa naushin da zai iya karya haƙarƙarin mutum? Ni a ganina nan ne hikimar tsofaffin ta fi fitowa: sai sun ga haƙuri suke ba da makami.

Bel daga baya ya shigo. Funakoshi ya je Tokyo a 1922 ya nuna kareti, ya zauna a gidan kwanan ɗaliban Okinawa, yana shara da gyaran lambu don ya samu na rufin asiri, alhali ya haura shekara 50. A can ya aro farin kaya da tsarin bel daga wasan judo, ya fara ba ɗalibansa baƙin bel a 1924. Shi kansa ya shafe shekaru wajen 40 yana atisaye ba tare da bel ba.

Ka duba abin da ya faru a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021. A wasan ƙarshe na masu nauyi, Tareg Hamedi na Saudiyya yana gaba da maki, sai ya kai wa Sajjad Ganjzadeh na Iran shurin da ya sumar da shi. Alƙalai suka ce bugun ya wuce iyaka, suka ba wanda ya suma zinare. Mutane da yawa sun ji haushi, kuma ni ma na tausaya wa Hamedi, don ba da gangan ya yi ba. Amma dokar tana da tushe. Funakoshi ya koyar da cewa mai kareti ba ya fara kai hari. Gwani kuwa shi ne wanda zai iya tsai da ƙafarsa gab da fuskar abokin karawa.

Saboda haka, ɗana, abin da ka koya kada ka gwada shi a kan ƙannenka, kada ka kai shi rigimar unguwa ko filin ƙwallo. Wanda ya tsokane ka, ka ba shi wuri. Ka je atisaye a kan lokaci, ka girmama malaminka, in ya ce ka sake kata ɗin farko ka sake ba tare da ɓata rai ba. Maganar bel kuwa ka bar masa, shi ya san ranar da ka isa.