Tsohon Gilashin Kyamara Mai Murɗi: Shawarwari 12 Ga Masu Son Hoto a Tunga ta Minna

Gilashin 18-55mm da ake haɗo yawancin kyamarori da shi yana ƙoƙari da rana, amma da an shiga ɗaki ko magariba ta kawo jiki sai ya gaza, sabo mai kyau kuwa kuɗinsa kan fi na kyamarar kanta. Akwai hanya mai sauƙi: tsofaffin gilasan zamanin fim, irin waɗanda aka yi yayinsu kafin kamfanin Minolta ya fito da kyamarar 7000 mai saita kanta a 1985. Ƙarfe ne da gilashi zalla, kai za ka murɗa da hannunka har fuska ta fito tar. Masu sha'awar hoto suna yabon launinsu da yadda suke narkar da abin da ke bayan mutum, ni ma ina cikin masu yabon. Sai dai suna da sharuɗɗa, musamman a gari mai ruwa da ƙura irin Minna.

1. Fara nema daga cikin gida.
Kafin ku kashe ko sisi, ku tambayi dattawan gida, don akwatunan alhazai da tsofaffin ma'aikata sun ɓoye kyamarori irin su Zenit da Yashica da Pentax K1000 masu yawa. Ko kyamarar ta mutu, sau da yawa gilashinta lafiya lau yake. Tsofaffin masu gidan hoto ma kan ajiye irinsu ba su da abin yi da su.

2. Ku san bakin kyamararku kafin ku yi ciniki.
Nan ne aka fi asarar kuɗi. Kyamara marar madubi, kamar Sony ko Fujifilm, tana karɓar kusan kowane tsohon gilashi da adafta ta ƙarfe mai araha, saboda tazarar da ke tsakanin bakinta da inda hoto ke sauka milimita 18 ce ko kusa da haka. Canon mai madubi (tazararta 44) tana karɓar gilashi mai zaren M42 da na Nikon, amma tsohon gilashin Canon FD na kafin 1987 ba ya zama mata sai da adafta mai wani gilashi a ciki, wanda ke rage kyan hoto. Mai Nikon kuwa ya tsaya a kan Nikkor: bakin F yana nan tun 1959, kuma ya nemi samfurin AI na 1977 zuwa sama, don na kafin nan yana iya lalata bakin wasu kyamarorin.

3. Guda ɗaya ya isa: 50mm ko 58mm.
Su ne mafi yawa a kasuwa, mafi araha, kuma ƙofar haskensu tana buɗewa har f/2 ko f/1.8, wato suna shigar da haske ninki takwas ko fiye bisa abin da 18-55mm ke shigarwa in an zuƙo shi ƙarshe. A ƙananan kyamarori 50mm yana matso da abu kamar 75 ko 80, daidai hoton fuska ke nan. Ga hoton dangi gaba ɗaya a tsakar gida sai ku nemi 28mm daga baya.

4. Ku haska shi da fitilar waya.
Ku buɗe ƙofar hasken gaba ɗaya, ku haska ta baya ku leƙa ta gaba. Ƙura kaɗan ba komai, ƙaramin ƙarzo a gaba ma ba ya nunawa, amma in kun ga zare-zare kamar saƙar gizo, funfuna ce, in kuma ciki ya yi hazo, ku ajiye masa kayansa. Ku murɗa zoben saiti daga farko zuwa ƙarshe ku ji ba ya cijewa, sannan ku duba 'yan faifan ƙofar haske ba su jiƙe da mai ba. Mai saye ta intanet ya nemi bidiyon wannan gwajin kafin ya tura kuɗi.

5. In kun samu Helios 44-2, kada ya wuce ku.
Gilashi ne 58mm f/2 da Tarayyar Sobiyet ta ƙera da yawan gaske don kyamarar Zenit, bisa tsarin Biotar na kamfanin Carl Zeiss na Jamus. Abin da ya sa ake sonsa shi ne yadda yake juya bayan hoto ya yi kewaye, mutum kuma ya fito a tsakiya. Ku tsayar da yaro taku biyu daga gare ku, bishiyar mangwaro ko dogon yaro tana can nesa a bayansa rana na ratsa ganye, ku buɗe f/2, za ku gani. Gefunansa ba su da kaifi, gaskiya ne, kuma wani ya fi wani kyau ko da sunansu ɗaya. Amma ga hoton amarya ko na tsohuwa a bakin zaure, ni ban ga na biyunsa a wannan farashi ba.

6. Takumar da Nikkor ga mai son kaifi.
Super-Takumar na kamfanin Asahi na Japan yana da murɗi mai santsi da ba a cika samu a sababbin gilasai ba, Nikkor 50mm f/1.8 kuwa tsaf yake fito da zaren shadda. Wasu Takumar 50mm f/1.4 sukan yi rawaya saboda sinadarin toriyam da ke cikin gilashinsu. Gyara launin a cikin kyamara ya wadatar.

7. Ku gyara idon kyamara tukuna.
Akwai ɗan ƙaramin gargare kusa da inda ake leƙawa. Ku juya shi har lambobin ciki su fito sarai a idonku, in ba haka ba duk saitinku zai riƙa kaucewa kuna zargin gilashi. Sannan ku kunna allon baya ku ƙara girma sau 5 ko 10 a kan ƙwayar ido. Kyamarori marasa madubi ma suna shafa launi a gefen duk abin da ya saitu, ku kunna wannan ku huta.

8. Kada ku buɗe ƙofar haske gaba ɗaya kullum.
A f/2, in mutum yana nesa da ku da mita ɗaya da rabi, wurin da zai fito tar bai fi 'yan santimitoci ba. Ido ya saitu, kunne ya narke. Mutum biyu ko uku, ku rufe zuwa f/4 ko f/5.6, a nan ne ma tsofaffin gilasai suka fi kaifi. Saurin ɗauka kuma kada ya gaza 1/125, tunda tsohon gilashi ba ya tare muku rawar hannu.

9. Abin da ke gudu, ku tare shi a gaba.
Ranar hawan sallah kada ku bi doki da murɗi, ba za ku cim masa ba. Ku zaɓi wuri guda a kan hanya, ku saita can a f/8, ku jira mahayi ya shigo. Da gilashin 28mm a f/8, in kun tsayar da zobe a mita 3, kusan duk abin da ke tsakanin mita 2 da 7 zai fito, wannan kuma ya isa yawo cikin Kasuwar Tunga ko wajen suna. Ku nemi izini dai kafin ku ɗauki kowa, balle matan aure.

10. Ku yi masa rumfa, ku zaɓi lokaci.
Shafen da ke kan tsofaffin gilasai bai kai na yanzu ba, saboda haka in rana ta bugi gabansu sai hoto ya yi fari fat. Baƙin kwali da aka naɗe aka ɗaure da kyauro yana maganin wannan. Bayan la'asar ne lokacinsu: rashin zafin launinsu yana taimakon baƙar fata da farar riga su fito tare, fuska ba ta duhu, aikin wuyan riga bai ɓace ba. Ranar da kuka je kallon ruwan Gurara kuwa ku rufe zuwa f/8 don duwatsu su fito, ku kuma tsare gilashin daga feshin ruwa.

11. Damina funfuna, hunturu ƙura.
Daga Yuli zuwa Satumba iskar Minna a jiƙe take, gilashin da aka bari cikin jakar fata a ƙasan akwati kuwa shi funfuna ke fara ci. Ku sa shi cikin roba mai murfi da ke rufewa gam, tare da 'yan ƙunshin silika da ke zuwa a kwalin takalmi, ku riƙa shanya su a rana suna bushewa, shi ma gilashin ku riƙa fito da shi yana ganin haske. Da hazo ya sauka a Disamba, ku riƙa canja gilashi a cikin ɗaki, bakin kyamara yana kallon ƙasa. Ku hure ƙura da ɗan famfon roba kafin ku goge, kada da bakin riga, don ƙurar hunturu tana da yashi mai ƙarzar gilashi.

12. Ku wanke hoton kafin ku yanke wa gilashi hukunci.
WhatsApp yana matse hoto ya cinye ƙananan abubuwan da kuka sha wuyar saitawa, saboda haka ku tura wa mai wankewa a matsayin fayil ko ku kai masa katin kyamara. Ku zaɓi guda uku, ɗaya a f/2, ɗaya a f/4, ɗaya a f/8, a wanke muku su a girman inci 8 da 10. Ku jera su a tabarma ku duba wanne ya fi fito da fuskar mutanen gidanku, ku riƙe wannan lambar don biki na gaba.