Wasa da Jariri Ba Wasa Ba Ne: Darasi daga Birnin Manzo

 

'Yan uwa, mu magina mun san cewa kankare yana samun mafi yawan ƙarfinsa a makon farko, shi ya sa ake ba shi ruwa safe da yamma a waɗannan kwanaki. Ƙwaƙwalwar jariri ma tana da irin nata kwanakin. Ana haihuwar yaro da ƙwaƙwalwar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ta babba ba, amma kafin ya cika shekara 5 ta kai kusan kashi 90 cikin 100. Masu bincike na Jami'ar Harvard sun ƙiyasta cewa a shekarun farko ƙwayoyin ƙwaƙwalwa na ƙulla sababbin mahaɗai sama da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa. Mahaɗin da aka yi ta amfani da shi yana ƙarfi, wanda aka bari kuwa sai ya shuɗe. Abin da ke ƙarfafa su shi ne musaya: jariri ya yi gwaranci a amsa masa, ya miƙo hannu a kama, ya yi murmushi a mayar masa.

An ga illar rashin wannan musaya a Romaniya. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a 1989, an tarar da dubban yara a gidajen marayu, ana ciyar da su amma ba mai ɗaukarsu ko yi musu magana. Binciken da aka fara a Bukarest a 2000 da yara 136 ya nuna cewa waɗanda aka mayar hannun iyayen riƙo kafin su cika shekara 2 sun fi sauran farfaɗowa. A Jamaika kuma, a 1986 aka fara ziyartar gidajen yaran da suka tsumbure kowane mako, ana koya wa iyaye mata yin wasa da hira da su har tsawon shekara 2. Bayan shekara 20, abin da waɗannan yara ke samu a wurin aiki ya ɗara na takwarorinsu da kusan kashi 25 cikin 100.

Mu mazauna Madina ba sai mun je nesa neman abin koyi ba. A wannan gari Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi salla ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Yakan tafi har Awali, gidan maƙerin da matarsa ke shayar da ɗansa Ibrahim, ya ɗauke shi ya sumbace shi. Ranar da Aƙra'u ɗan Habis ya ce yana da 'ya'ya 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Manzo ya nuna masa cewa rahama ga mai rahama ake yin ta.

A gida, goyo da kaka da gwaggo da yaran maƙwabta suna yi wa jariri wannan hidima ba tare da an tsara ba. Ko uwa ta yi kunyar ɗan fari, akwai masu yi masa tawai. A nan kuwa ɗaki ne a bene, uba na wurin aiki ko Jami'ar Musulunci, zafin rana ya hana fita, sai a jingina jariri gaban waya. Kunyar da ba ta cutar da yaro a Kano tana iya barinsa cikin shiru a Madina.

Waya ba ta maye gurbin mutum. A 2003 Patricia Kuhl ta nuna cewa jariran Amurka 'yan wata 9 sun koyi bambance sautukan Sinanci daga bakin mutum a zama 12, amma waɗanda suka kalli darasin a bidiyo ba su koya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawara a 2019 cewa kada a ɗora jariri a kan kallon allo. Kuma tun kafin cikar shekara guda kunnen yaro ke karkata ga sautukan da yake ji kullum, don haka wanda yake son ɗansa ya iya bambance "bari" da "ɓari", yanzu ne lokacin yi masa Hausa.

Abin yi ba ya cin ko riyal ɗaya. Uwa ta riƙa gaya masa abin da take yi a wanka da shayarwa. Uba ya ɗauke shi yayin tilawa, ya dubi idonsa, in ya yi sauti ya dakata ya amsa. A kwantar da shi rub-da-ciki na ɗan lokaci idan yana farke kuma ana kallonsa. Wanda ɗansa ya wuce waɗannan shekaru kada ya yanke ƙauna, domin ƙwaƙwalwa ta fi kankare sauƙin gyara, sai dai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya raya mana zuriya bisa tafarkin Manzonsa, amin.